Gudumar da Aka Bar wa Mai Tattabaru

Sufeto bai gama kurɓar shayinsa ba Saje ya faɗo ofis, ko sallama babu.

"Yallaɓai, an sake fasa masallacin bayan layin masu walda."

"An sake?"

"An sake. Ladan ne ya bugo waya, yana magana yana kuka."

Sufeto ya ajiye kofin. Bai daɗe da zuwa wannan ofishi ba, amma labarin masallacin nan ya sha jin sa har ya gundure shi. Fiye da shekara guda da ta wuce aka tarar an farfasa mihrabin masallacin, wato ɗan lungun da liman ke tsayawa, aka kuma tarar da guduma a hannun wani bawan Allah da ke ciyar da tattabaru a bakin ƙofa. Mai Tattabaru ake ce masa, kuma kaf unguwar an san kansa ba daidai yake ba. Ya amsa laifi tun kafin a gama tambayarsa, alƙali ya aika shi gidan yari. Yayarsa ta ɗaukaka ƙara, ta ce mutumin da bai san damansa da hagunsa ba ai ba a karɓar "ni ne" daga bakinsa. Jibi kotun ɗaukaka ƙara za ta zauna, in ta ƙi ƙarar, shi ke nan, sai ya cinye sauran shekarunsa a ciki.

"Shi Mai Tattabarun yana ina yanzu?" in ji Sufeto.

"Yana gidan yari mana."

"To madalla. Ashe ta katanga ya diro, ya fasa, ya koma ya kwanta. Ɗauko mota."

Masallacin ƙarami ne, a matse tsakanin shagunan walda da wani injin niƙa mai ƙara kamar zai tsaga kunne. Tun daga bakin titi Sufeto ya gane yadda mutum zai yi ta dukan bango da hantsi ba wanda ya ji. Bayan asuba ana kulle ƙofa, ba a buɗewa sai azahar, a tsakanin nan kuwa ko bindiga aka harba masu walda za su ce injin ne ya yi tari.

Jama'a sun cika bakin ƙofa, kowa da nasa hukuncin. Saje ya ture su gefe, Sufeto ya tuɓe takalmi ya shiga.

Mihrabin ya zama tarin ɓaraguzai. Liman na tsaye a gefe, dattijo ne mai ƙarancin magana, ya harɗe hannuwa a baya. Ladan kuwa sai share hawaye yake yi da bakin riga.

Ba ɓaraguzan ne suka ɗauki hankalin Sufeto ba. Dardumar sahun gaba an naɗe ta tsaf an jingine da bango. Kantar Alƙur'anai an ɗauke ta an kai can baya, an lulluɓe da farin ƙyalle don kada ƙura ta taɓa su. Hatta agogon bango an sauke shi an kwantar a hankali. A cikin ƙurar simintin da ta rufe ƙasa kuma ga sawun mutum nan, babu na takalmi ko ɗaya, duk na safa ne.

"Malam Ladan, kai ka naɗe dardumar nan?"

"Wallahi haka na tarar."

"Wancan karon fa?"

"Haka ma. Har ƙyallen."

"Ka gaya wa 'yan sanda?"

"Na gaya musu. Suka ce mahaukaci ai ba a tambayarsa dalili."

Sufeto ya ja tsaki. Ya duba ƙaramar ƙofar gefe, kwaɗon lafiyarsa ƙalau, da makulli aka buɗe. Liman ya ce makullai biyu ne, ɗaya a wurinsa, ɗaya a wurin Ladan.

Ana cikin haka wani dattijo ya shigo, fari fat kansa, tabarau a hanci, jama'a na ba shi hanya. Tsohon ma'aikacin auna filaye ne, Safiyo ake ce masa, shi ne shugaban kwamitin masallacin. Shi ne kuma ya tsaya a kotu wancan karon ya ce ya ga guduma a hannun Mai Tattabaru.

"Sufeto, kada ka wahalar da kanka," in ji shi. "Dangin yaron nan ne. Sun ga zaman kotu ya matso, sun zo sun fasa don a ce ba shi ba ne. Ka nemi yayarsa."

"Na gode, Baba. In na rasa aiki zan zo ka koya mini."

Shugaban ofishin 'yan sandan, a bayan idonsa Gama-Yau ake kiransa, don ba ya son fayil ya kwana a teburinsa. Shi ya yi binciken farko da kansa, kafin la'asar ya kammala, aka yabe shi, aka ƙara masa girma. Don haka da Sufeto ya fara maganar darduma da safa, sai fuskarsa ta canza.

"Darduma? Darduma za ka kai wa alƙali?"

"Yallaɓai, wanda ya yi wannan aikin yana ganin girman wurin. Mutumin da ya zo ɓarna ba ya tsayawa tuɓe takalmi."

"Wancan fayil an rufe shi, ni na rufe shi. Wannan sabo ne. Ka kamo matar nan ka kawo mini ita yau."

Sufeto ya fito yana huci. A ransa ya ce an bar jaki ana dukan taiki, kuma so ake shi ma ya karɓi sandar.

Yayar Mai Tattabaru tela ce, shagonta bai fi ɗakin girki ba. Suna shiga ba ta ko ɗago kai daga keken ɗinki ba.

"Kun zo ɗaukar na biyu ke nan? Mu biyu ne dama a wurin uwarmu."

"Baiwar Allah, tambaya muka zo yi. Ina kike da hantsin yau?"

"Nan."

"Ba ki je wajen masallaci ba?"

"Tun ranar da suka yi wa ƙanena duka a bakin ƙofar nan ban sake taka layin ba."

Saje ya yi gyaran murya. "Masu walda sun ce kullum da hantsi kina zuwa da ƙullin hatsi a leda."

Keken ya tsaya. Ta dube su, idonta ya kaɗa ya yi ja.

"To na je! Laifi ne? Duk ranar ziyara abin da yake fara tambayata ke nan, ko tattabarunsa sun ci abinci. In ce masa me? Ina zuwa in watsa musu in gudu, don in 'yan unguwa sun gan ni sai su ce ga yayar mahaukaci ta zo ƙarasa aiki."

"Yau me kika gani?"

"Ba komai."

"Ki taimaki ƙanenki."

Ta murza zare a yatsa. "Takalmi. A bakin ƙofar gefe, an jera su tsaf. Manya ne, na fata, masu igiya, irin na masu shiga daji. Na ji kamar ana buga abu a ciki, na ɗauka gyara ake yi."

"Me ya hana ki faɗa tun da muka shigo?"

"In faɗa wa wa? Ku? Wancan karon na kai muku katin asibitinsa, na durƙusa a ofishinku, aka ce in tashi kada in ɓata musu ƙasa da hawaye."

Sufeto ya tashi. A mota Saje ya tambaye shi ko za su koma su ɗauko ta kamar yadda aka umarta.

"In Gama-Yau yana son ta, ya zo ya auna riga," in ji Sufeto. "Kai mu gidan yari."

A can suka haɗu da lauyar da ke riƙe da ƙarar, matashiya ce mai saurin magana, ta gaji da 'yan sanda tun kafin ta gan su. Ta ce likitan ƙwaƙwalwa ya duba mutumin ya rubuta abin da ya gani, amma lauyan gwamnati ya kafe a kan abu ɗaya: ya amsa laifi da bakinsa, sau uku, ba wanda ya dake shi a gaban alƙali.

"In ba ku kawo mini wani mai laifin ba," in ji ta, "jibi tsakanin takardar likita da bakinsa ne. Kuma alƙalai sun fi son baki."

Aka shigo da Mai Tattabaru. Dogo ne, ya rame har wuyansa ya fito, yana tafiya yana kallon ƙasa. Ya zauna a bakin benci kamar mai shirin gudu.

"Sannu, malam. Ka san ni?"

"Na san ka, Baba."

Bai taɓa ganin Sufeto ba.

"Kai ka fasa masallaci bara?"

"Ni ne."

"Yau da hantsi an sake fasa shi. Kai ne?"

"Ni ne, Baba."

"Motar ofishinmu ma an sace tayarta."

"Ni ne. Ku yi haƙuri."

Sufeto ya dafe kai. Wannan shi ne bakin da aka rufe fayil da shi, aka ƙara wa mutum girma a kansa. Takaici ya cika shi. Ya sassauta murya, ya matso kusa.

"Me ya sa kake cewa kai ne?"

"In na ce ni ne, sai su daina ihu."

"Gudumar nan fa, ina ka samo ta?"

"Baba ya ce in riƙe masa."

"Wane Baba?"

"Baba."

Lauya ta girgiza kai. "Kowa Baba ne a wurinsa. Har ni."

"Baban me yake yi?" Sufeto ya sake tambaya. "Sayar da kaya yake yi? Kiran salla?"

Mai Tattabaru ya ɗago kai a karon farko. Ya miƙa hannuwa biyu, ya ja wani abu da ba a gani daga dama zuwa hagu, ya rufe ido ɗaya yana leƙa tsawonsa.

"Baba mai zare. Yana korar mini tattabaru in zai ja zarensa."

Da suka fito Saje ya tafa hannu. "Magini ne, Yallaɓai! Wa ke jan zare in ba magini ba? Shi ya gyara wancan karon, yanzu kuma ya fasa don a sake kiran sa."

Suka tarar da maginin a kan wani gini, siminti har gira. Yana ganin kaki ya fara rantsuwa tun ba a tambaye shi komai ba. Da hantsi yana nan, leburorinsa duka shaida ne, mai ginin ma shaida ne. Takalminsa kuwa silifa ne da aka ɗaure da waya.

"Lokacin da kake gyara, da wane makulli kake shiga?"

"Ladan ke buɗe mini."

"Mun tambayi Ladan, ya ce ka dame shi da sammako, ya ba ka nasa ka yanko wani."

Magini ya sosa ƙeya. "Au, wannan. Na mayar."

"Wa ka mayar wa?"

"Kwamiti."

"Kwamiti ba shi da aljihu. Wa ka danƙa wa a hannu?"

"Yallaɓai, kada ka haɗa ni da manya. Ni da 'ya'yana muke ci."

"Zan haɗa ka da ɗakin bayan kanta in ba ka yi magana ba."

"Baba Safiyo ne. Ya ce in kawo zai ajiye, kada kuma in gaya wa kowa don kada Ladan ya ji kunya."

Da bakin ya buɗe kuma sai ya ƙi rufuwa. Ya ce bayan fashin farko Baba Safiyo ya ce shi zai tsaya a kan gyaran da kansa, sai hawan jini ya kwantar da shi a asibiti. Kwamiti ba su jira ba, suka ce a ɗora a kan tsohon tushe. Ranar da dattijon ya fito ya ga an gama har an manna tayil, ya yi faɗan da sai da aka riƙe shi.

"Wai sai in rushe in sake. Na ce Baba me ya samu ginin, ya karkace ne? Ya ce ba ruwana. Kwamiti suka ce ba mai taɓa shi. Tun ranar ko gaisuwata ba ya amsawa."

Sufeto ya koma masallacin shi kaɗai bayan la'asar, lokacin da mutane suka watse. Ya lura cewa wannan karon ba bango kawai aka kayar ba, an haƙe tushen, kuma gefe ɗaya kaɗai aka haƙe. Yana ja da baya don ya ga abin daga nesa, sai wani abu ya soke shi a dunduniya ta cikin dardumar sahun ƙarshe. Ya yi tsalle, ya yi wata magana da bai kamata a yi a masallaci ba, ya nemi gafarar Allah, sannan ya ɗaga bakin dardumar.

Ƙusa ce sabuwa fil, an kafa ta a siminti, kanta ya ɗan fito. Daga gindinta layin alli ya miƙe zuwa gaba. Ya bi layin da ido. Bai nufi tsakiyar tsohon mihrabi ba, ya ɗan kauce zuwa gefen da aka haƙe.

Ya daɗe a tsugune. Sannan ya mayar da dardumar yadda take, ya kira Liman ya roƙe shi ya tara kwamiti gobe da safe, a kira magini, a kira yayar Mai Tattabaru ta tsaya daga waje. Da ya koma ofis Gama-Yau ya yi ta masifa a kan matar da ba a kamo ba, Sufeto ya tsaya ƙiƙam yana cewa "To, Yallaɓai" har mutumin ya gaji don kansa.

Da safe Sufeto ya riga kowa zuwa, ya tsaya a bakin ƙofa yana gaisawa da dattawa, idonsa na kan ƙafafunsu. Safiyo ya iso da naɗaɗɗiyar takardar zane a hammata. Ya zauna a dakali ya kwance igiyar manyan takalmansa na fata, ya jera su tsaf. Sufeto ya waiga can gefen shagon walda inda tela ke tsaye. Ta gyaɗa kai sau ɗaya.

A ciki Safiyo ne ya buɗe taro. Ya ce abin da ya faru ya faru, yanzu gyara ne a gaba, kuma wannan karon shi zai tsaya a kai daga tushe har sama, ba zai karɓi ko sisi ba. Dattawa suka yi ta sa masa albarka.

"Baba," in ji Sufeto da ladabi, "ni wannan harkar gini ban san kanta ba, kuma dole in rubuta girman ɓarnar. Ko za ka nuna mana daga ina zuwa ina sabon zai tsaya?"

Dattijon ya ji daɗin tambayar. Ya gyara tabarau, ya zaro dunƙulen zare daga aljihu.

"Ai abu ne mai sauƙi ga wanda ya sani. Magini, riƙe nan."

Ya taka zuwa sahun ƙarshe kai tsaye, bai duba dama ko hagu ba. Ya sunkuya, ya ɗaga bakin darduma, ya maƙala zaren a kan ƙusar. Sai da ya miƙe ya ga yadda Sufeto ke kallonsa.

"Baba, wa ya gaya maka akwai ƙusa a nan?"



"Tun ginin farko take nan. Ni na kafa ta."

"A'a, Baba," in ji magini. "Ni na sake daɓen nan bara, bango zuwa bango. Ba ƙusa."

"Ko tsatsa ba ta yi ba," in ji Sufeto. "Takalmanka kuma an gan su jiya da hantsi a ƙofar gefe. Makulli na uku yana wurinka. Mai Tattabaru ya ce Baba mai zare ne ya ba shi guduma ya riƙe. In je in ɗauko takardar binciken gida, ko za ka hutar da mu?"

Zaren ya suɓuce daga hannun Safiyo. Ya nemi wuri ya zauna a ƙasa.

"Alƙiblar ba daidai take ba," ya ce a hankali.

"Me ka ce?" in ji Liman.

"Ni na auna ta lokacin da aka kafa masallacin nan. Ni na ja layin, mutane suna tsaye suna kallo, ana cewa ai tunda Safiyo ne an gama magana. Bara na zauna a sahu ina wasa da wayata, na buɗe abin nuna alƙibla, na ga ta kauce. Na ce wayar ce. Na ɗauko kayan aikina na sake aunawa, na sake, na sake. Ni ne na yi kuskure. Shekara da shekaru jama'a suna salla a kan kuskurena."

"Sai ka fasa ɗakin Allah?" wani dattijo ya daka masa tsawa.

"Na ce in ya rushe za a ba ni gyaran, in daidaita shi shiru ba wanda ya sani. Ban taɓa Alƙur'ani ba, ban shiga da takalmi ba..."

"Mun gani," in ji Sufeto. "Ka tausaya wa darduma, ka tausaya wa agogo. Mutumin fa?"

Safiyo ya sunkuyar da kai. "Ina fitowa na ji mutane tafe. Yana nan tsugune da tattabarunsa. Na ce riƙe mini. Wallahi na ɗauka ba a ɗaure mai taɓin hankali. Na ɗauka asibiti za a kai shi ya kwana biyu a sako shi."

"Da ka ga ba a sako shi ba fa? Ka shiga kotu ka rantse."

"Da na fara, ban san ta inda zan koma ba."

Liman bai ɗaga murya ba. Ya sunkuya ya ɗauki zaren, ya duba layin allin, ya duba tsohon wurin.

"Wannan ne kaucewar? Wannan ɗan taƙin?" Ya dubi Safiyo. "Haba, abokina. Wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya fuskanci alƙibla, sallarsa ta yi. Da ka zo ka raɗa mini, da zaren nan kaɗai za mu ja a ƙasa, mu ɗan karkata sahu, a wuce wurin. Ko bulo ɗaya ba sai an taɓa ba."

 Hawaye suka gangaro wa Safiyo ta ƙarƙashin tabarau. Sufeto ya dube shi bai ji tausayi ba ko kaɗan, haushi ne kawai ke cin sa. Girman kai rawanin tsiya, mutum ya gwammace wani ya ruɓe a kurkuku da ya ce na yi kuskure a gaban tsofaffi shida.

"Saje, sa masa ankwa."

Saje ya yi jim, ganin furfura. Sufeto ya harare shi, ya sa.

A bakin ƙofa sai da Saje ya durƙusa ya zura masa takalman, don hannu a ɗaure ba ya ɗaura igiya. Masu walda sun kashe injinansu sun fito kallo. Sufeto ya kira lauya ya gaya mata a taƙaice. Ta ce ya kawo mata bayanin a rubuce da sa hannu kafin a tashi aiki, in ya so Gama-Yau ya haɗiyi zuciya.

Tela ta ratso mutane ta tsaya a gaban mota.

"Yau zai fito?"

"Ba yau ba," in ji Sufeto, yana jin nauyin maganar. "Sai kotu ta zauna gobe. Amma zai fito, in Allah ya yarda."

Ba ta yi murna ba. Ta juya ta fuskanci dattijon, ya kasa haɗa ido da ita.

"Baba, ka san abin da ka yi masa? Da farko tsoro ne ke sa shi cewa shi ne. Yanzu ya yarda. Kowa ya gaya masa, 'yan sanda, alƙali, har kai da yake ganin girmanka. Ya daina cin rabin abincinsa, wai kaffara yake yi. Ran nan ya ce mini in an sake shi ba zai fito ba, don Allah bai gama yafe masa ba."  "Na gaya masa ba shi ba ne har bakina ya gaji. Ya ce ni yayarsa ce, dole in faɗi haka. Alƙali zai buɗe masa ƙofa, to wa zai cire masa wannan?"

 Saje ya tura dattijon bayan mota, ya zagayo ya tayar da inji.

"Ofis, Yallaɓai? Oga na jira."

Sufeto ya buɗe ƙofar gaba, ya yi wa tela alama ta shiga, shi ya koma baya ya zauna kusa da mai ankwa.

"Ya jira. Gidan yari za mu fara. Baba, kai ka ce masa ya riƙe maka, yau za ka je da bakinka ka ce ya ajiye."